Aiken Inna zuwa Balma

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Balma ba, Inna ce ta aike ni. Wata Juma'a bayan la'asar, cikin watan Nuwamba na 2019, ta kira ni ɗakinta, ta kwance bakin zane ta miƙo mini ƙullin kuɗi, ta ce, "Auta, ka je ka taho mini da yayanka. Na gaji da muryar talho. In kuma gishiri ne ya riƙe shi, ka gaya masa ga shi nan jibge a kasuwar Dole."

Yaya malamin makaranta ne, mushen lakwal kamar yadda muke cewa a Damagaram. A lokacin shekararsa tara ke nan a can. Ma'aikacin da duk aka tura Kawar, yankin da Balma take a can arewa maso gabashin Nijar, tun bai kwance kaya ba yake fara rubuta takardar neman canji, wasu ma gani suke horo aka yi musu. Shi kuwa ya tafi da niyyar shekara biyu, sai muka ji ɗaurin aure, sai muka ji haihuwa, sai ta biyu, sai ta uku. Abin da ya tsaya wa Inna a rai shi ne rasuwar Baba. A daren da aka yi ta aka sanar da Yaya ta waya, amma bai iso gida ba sai ran kwana tara, an yi sadakar bakwai an watse, har an naɗe tabarmi. Ba ta taɓa yi masa faɗa a kai ba. Ta dai daina ambaton sunan garin, sai ta ce "can wurin".

Mu kuwa da sunan Balma muka tashi a gidan nan. Kakanmu fatoma ne, Buzaye na sauka wurinsa da raƙuma, ya sayar musu da gishirinsu, ya nemo musu hatsi. Amma a kunnena Balma sunan gishiri ne, kamar yadda ake cewa goro ɗan Gwanja. Ban taɓa kawowa a raina cewa gari ne mai masallaci da makabarta da yara masu zuwa lakwal ba.

Daga Damagaram zuwa Agadas kilomita 450 ne ko kusa da haka, ta Tanut da Adarbisanat. Ba zan ɓata baki a kan wannan hanya ba, wanda ya bi ta ya san abin da ƙugunsa ya gaya masa. A Agadas na yi kwana uku ina jiran Litinin, don ran Litinin ne motocin Dirku ke tashi a jere da rakiyar soji. Na je na ga hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, wadda aka gina da laka tun 1515 aka sake gyara ta a 1844. Garin ya yi sanyi a lokacin. Dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure zuwa Libiya ta sa an kama motoci, direbobi da yawa na zaune a majalisa suna shan shayi suna tsaki. Sai a Nuwamban 2023 aka soke ta, amma wannan wani zance ne.

Yaya ya bugo mini ya yi mini lissafin guzuri: bido biyu na ruwa, a ɗinke su cikin buhun algarara, rawani, tabarau, garin rogo, ƙuli-ƙuli, sukari, safa, da bargo mai kauri. Na ce, "Yaya, bargo a hamada?" Ya ce, "Ka saya biyu."

Gingimari na hau, mai ƙafa goma, don tana ɗauke da buhunan geron wani ɗan kasuwa abokin Yaya, kuma ta fi Hilux sauƙin kuɗi. Yadda ake loda motar nan sai wanda ya gani. Buhuna a ƙasa, katifu da kwanon rufi da kekuna a kai, bidon ruwa na reto ta kowane gefe kamar 'ya'yan kuka, sannan mu mutane a can ƙoli, kowa ya sami igiyar da zai riƙe. Kusa da ni akwai wani dattijo Babarbare ɗan Balma da ya je kudu aka yi masa aikin ido, da wata Batubiya da jaririnta wadda ban ji ta yi magana sau biyar ba har muka isa, da samari uku daga wajen Maraɗi masu neman zinariya. Tun 2014 da aka gano ta a Jado samari ke kwarara arewa, an rufe wurin a 2017 amma bai hana masu tsammani tafiya ba.

Bayan shingen Turayat, kilomita 80 daga Agadas, rezo ya ɗauke. Na ga kowa ya mayar da talho aljihu kamar an gama da shi a duniya. Direba kaɗai ke da Thuraya, wayar tauraron ɗan'adam, yana ɓoye ta kamar laya. Duwatsun Abzin suka yi ta ja da baya ta hagu, ƙaya ta yi ta raguwa, sai muka wayi gari babu komai. Ina nufin babu komai. Ko a dajin Damargu da rani kana ganin tumfafiya, ko kurciya ta gitta. A hamadar Tenere ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai, sama ta kife a kanta, sai tsohuwar taya ko ganga da aka kafa jefi-jefi don alamar hanya. Ido ya rasa inda zai sauka, har wani jiri-jiri ya riƙa ɗibata.

Mun tsaya a wurin da ake kira Itacen Tenere. A da wata kandili ce guda ɗaya tilo a tsaye a bakin rijiya, babu wata itaciya kusa da ita sai an yi tafiya mai nisan gaske, saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ayari nawa suka kwana gindinta, babu wanda ya karya reshe ya dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Duk faɗin filin nan, ita ya ga dama. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta an kafa wata ta ƙarfe. Dattijon nan ya ɗaga tabaransa ya dube ta da sabon idonsa, ya ce, "Ɗana, wannan ko akuya ba ta yaudara."

A daren na gane zancen bargo. Sanyin Tenere ba irin na hunturunmu ba ne mai zuwa da iska da hazo. Daga ƙasa yake tasowa, ya bi ƙashi. Na shige tsakanin buhuna biyu, haƙorana na haɗuwa. Kuma shiru. Da aka kashe inji aka gama 'yan tari, sai na fara jin wani sauti a kunnena, na daɗe kafin in gane bugun jinina ne. Babu kukan kare, babu gyare, babu sauro. Kaza da 'ya'yanta ta fito ta gabas, taurari sun sauko har gefen ƙasa, kai ka ce in ka miƙe za ka buge su da ka.

Kwana na biyu, bayan mun wuce rijiyar Espuwar, rairayi ya fara laushi. Mota ta kafe, a sauka, a rage iskar taya, yaran mota su tona, su shimfiɗa faifan ƙarfe masu huda-huda a gaban ƙafafu, ta yi gurnani ta hau, su ja faifan da gudu su sake jefawa gaba. Mun yi haka ya fi sau goma. Wajen azahar wani abu ya karye a ƙarƙashi, sauran motocin suka yi gaba, aka ce za a jira mu a zango na gaba. Muka shige ƙarƙashin mota muna rabon inuwa.

A nan na yi abin kunya. Tsoro ya kama ni, na ɗaga bido na kafa kai ina kwankwaɗa, har ruwa na zuba a ƙirjina. Dattijo bai ce mini kanzil ba. Ya bari na sauke, sannan ya kwance murfin nasa bidon, ya tsiyaya ruwa a cikin murfin, ya kurɓa, ya riƙe a baki kamar mai kurkura, ya daɗe, sannan ya haɗiye. Ya sake cika murfin ya miƙa wa Batubiyar nan. Ya rufe bido, ya gwada nauyinsa a hannu, ya ajiye. Ya ce mini, "Ba ƙishirwar yanzu ake sha wa ruwa ba. Ka rufe bakinka da rawani, ka daina magana, ka kwanta." Awa shida muka yi a wurin. Makaniken motar ya ɗaure abin da ya karye da waya da guntun ƙarfen gado da ya zaro daga kayan wani, kuma ya kai mu.

A rijiyar Ashagur muka tarar da ayari, Buzayen Abzin da raƙuma sun fi ɗari, za su Balma. Ban san har yanzu ana yi ba, na ɗauka ya tafi tare da zamanin kakanmu. Kowane raƙumi na ɗauke da manyan dammunan ciyawa, don babu abin da zai ci a hanya, kuma an ɗaure musu baki da igiya kada na baya ya cinye kayan na gaba. Wani ciyawar a hanya suke ajiye ta saboda dawowa, kuma babu mai taɓawa. In sun tashi da hantsi ba sa tsayawa sai tsakar dare, don in aka tsaya da raƙuma masu kaya sai layi ya rikice. A tafe ake dama fura da cuku da dabino, a tafe ake dafa shayi, yaro na lilo da ɗan murhun waya yana bin layi yana miƙa kofi. Na tambayi wani cikinsu wa ke nuna hanya, ya nuna mini wani siririn tsoho a gefe ya ce, "Madugu." Da Hausa suke kiransa, ko a cikin yarensu. Rana da inuwa da taurari da yadda iska ta kwantar da rairayi, su ne taswirarsa. An ce a farkon zuwan Faransawa ayari ɗaya kan kai raƙuma 20,000. Farin 1973 da na 1984 sun karya garken Buzaye, motoci suka zo suka ƙarasa, amma ga shi ba su daina ba.

Ran kwana na huɗu da safe wani dogon baƙin layi ya bayyana a gabas. Dutsen Kawar ke nan, wanda ya miƙe daga kudu zuwa arewa wajen kilomita 150, garuruwan duk suna maƙale a gindinsa: Balma, Dirku, Ashanuma, Anai, har Sigidin. Sai kore. Wallahi ban san ina son launin kore haka ba. Samarin Maraɗi suka kama kabbara. A Dirku na sauka, gari mai barikin soji da filin jirgi da kayan Libiya a kowane shago, taliya da man girki da madarar gwangwani. Yaya na tsaye yana jirana, ya rame, ya yi duhu, ya naɗa rawani irin nasu. Muka rungume juna, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Inna ce ko?" Na ce, "Ita ce." Bai ƙara ba. Muka hau wata Hilux muka yi kudu, kilomita 45 zuwa Balma.

Abin da ya fara ba ni mamaki ruwa ne. Garin da ruwan sama na shekara guda ba ya kai milimita 20, alhali mu a Damagaram muna samun wajen 400 muna kuka, shi ne ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da kansa. Akwai idanun ruwa a cikin dabinai, akwai wata rijiyar burtsatse da ke ta kwarara ba dare ba rana har ta yi fadama. Ga lambuna ƙarƙashin dabino, tumatir da albasa da ciyawar awaki. Ga kuma sauro, wanda na yi kewarsa a Tenere, ya zo ya biya ni bashi da riba.

Matar Yaya ta tare ni da "wushe, wushe", aka koya mini in ce "kalewa". Da yake ni ƙanen miji ne, tun ranar ta buɗe mini shafin tsiya. Na ce mata, "Ke kuwa yaya kuke zama a ƙarshen duniya haka?" Ta ajiye kwanon dabino a gabana ta ce, "Mijina, mu muna nan inda Allah ya ajiye mu. Buzu ya zo, Batube ya zo, Bahaushe ya zo, Balarabe ya zo. Ku dai me ya kai ku nesa haka?" Aka yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Tun zamanin sarakunan Kanem da Barno hanyar Tarabulus zuwa tafkin Cadi ta nan ta bi, Fezzan na arewa, Barno na kudu, Abzin na yamma. Ta nan Turawan Ingila uku suka ratsa a Janairun 1823, cikinsu har da Kilapaton wanda ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a shekarar da ta biyo. Ta nan kuma aka riƙa kora bayi zuwa arewa, wannan ba abin da za a ɓoye ba ne, rijiyoyin hanyar sun ga abin da suka gani. Faransawa sun kafa bariki a 1906, ginin na nan. Har gidan sarautar Damagaram ɗinmu ma asalinsa Barebari ne, matar Yaya kuwa ta tuna mini da haka ya fi sau uku.

Katangar ɗakin da aka sauke ni tana ƙyalli in fitila ta haska ta. Da kowa ya fita na lasa. Gishiri ne. Da ƙasar gishiri aka gina tsohon garin, don ita ke akwai, kuma wa ke tsoron ruwan sama a nan? Sai a watan Agusta na 2006 aka yi ruwan da tsofaffi ba su taɓa ganin irinsa ba, gidaje suka narke a kan masu su kamar sukari a shayi. Surukar Yaya ta ba ni labarin da hannu da ka, yadda suka kwana a fili suna jin katangu na zubewa ɗaya bayan ɗaya. Na tuna karin maganar da ake cewa gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Ban faɗa ba, don ba wurin faɗarta ba ne. Har yau in hadari ya haɗu a Balma, ba murna ake ba, addu'a ake Allah ya wuce da shi. Ko dabino ma ba ya son ruwa in ya kusa nuna.

Kalala, inda ake haƙar gishirin, tafiyar ƙafa ce kaɗan daga gari. Na yi zaton fili fari fat zan gani. Ashe tuddai ne na ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tonowa, a tsakaninsu ramuka, kowane rami da mai shi, ruwan ciki wani ja kamar zoɓo, wani ruwan ɗorawa, wani kamar tsimi. Ruwan daga ƙasa yake tsattsafowa ta cikin gishiri, rana ta ƙona shi, ɓawo ya taru a sama, mai rami ya shiga ya farfasa ɓawon ya nutse, gobe wani ya taru. Da bazara ake wannan aiki, lokacin da zafi ke haura digiri 45, mutum tsaye cikin ruwan gishiri har gwiwa. Wani ƙanen surukar Yaya ya nuna mini ƙafafunsa. Ban ga faso irin wannan ba, kuma ya ce ƙaramin ƙurji in ya shiga ramin nan sai ya yi wata bai rufe ba.

Gishirin iri-iri ne. Mai kyan, fari mai ƙwaya, shi ne beza, na miya. Sauran a kwaɓa shi da ƙasa a zuba cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife, ya fito dogo mai tsini kamar turmin da aka juya, shi ne kantu, kilo 20 da ɗoriya, na dabbobi. Ƙananan da ake zubawa a ƙwarya su ne foci. Na tsaya ina kallon ayarin da muka bari a Ashagur, sun iso bayanmu da kwanaki, suna naɗe kowane kantu da tabarmar kaba kamar jariri, don in ya karye a hanya darajarsa ta faɗi. Gero ba ya fita a Kawar, ko zangarniya ɗaya. Duk tuwon da aka ci a garin nan, a bayan raƙumi ko a bayan mota ya zo. Shi ya sa har yanzu mata ke fitowa zango da dabino suna musaya da gero, mudu da mudu gwargwadon yadda aka daidaita, ana ciniki da Hausa, don ita ce harshen da Buzu da Babarbare suka haɗu a kai. Kuɗin kantu a bakin rami kuwa, da na ji shi na tuna nawa ake sayar da shi a kasuwanninmu, sai na rasa wa zan tausaya wa, mai ramin ko mai raƙumin.

Sati uku na yi, don ba ranar da ka so kake barin Balma ba, sai ranar da aka sami mota. A cikinsu na ga yadda ake zama a wurin da komai sai an kawo. Kowa ya san abin da ke cikin kowace mota kafin a sauke. Sukari ya yanke kwana biyar, sai ga shi ana aiko wa Yaya a ɗan ƙullin leda daga gidan da ba a tambaya ba, don shi ma ran da gas ɗinsu ya ƙare shi ya ba su gawayi. Ba a jefar da komai: gwangwani, waya, tsohon takalmi, duk suna da ranarsu. Wanda zai yi tafiya kuwa ya zama gidan waya, tun dare ake sallama ana kawo masa wasiƙu da takardun magani da talho da ya lalace da kuɗin ɗalibai da ke karatu a Agadas. Ba a cewa a'a, don gobe kai ne mai aike.

Kada in yi ƙarya in ce aljanna ce. Na ga wani magidanci da ya faɗo daga kan dabino ya karye a ƙugu, aka yi abin da za a iya a nan, sauran sai Agadas, ya kwana uku a kwance ana neman mota da kuɗin mai, sannan a ɗora shi a bi da shi hanyar nan da ta kusa kwance mini haƙarƙari ina lafiyayye. Samari sun ragu a gari, suna wajen zinariya ko Libiya. Kuma akwai wani kaɗaici da ke sauka bayan la'asar, in ka hau tudu ka ga inda dabino ya ƙare kamar an yanka da wuƙa, ka san daga nan har garin Fashi, kilomita 160 da wani abu, babu ko bukka. Ni dai ba zan iya ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A kan tudun nan na isar da aike, kwana biyu kafin in taso. Na faɗa masa har da zancen kasuwar Dole. Ya yi murmushi, ya daɗe yana wasa da rairayi. Ya ce wanda aka turo bara ya taya shi wata huɗu ya yi ya tafi jinya bai dawo ba, in shi ma ya tafi, 'yan ajin ƙarshe babu mai kai su jarrabawa. Ya ce matarsa ta gaji dabino goma sha biyu, shi ke hawa yana yi musu barbara da hannu in sun yi fure. Ya ce ɗaliban da ya fara koya wa abacada yanzu wasu na aiko masa da gaisuwa daga kwaleji. Na ce, "Yaya, duk na ji. Baba fa?"

Sai ya ba ni labarin kwana taran nan, wanda bai taɓa ba kowa ba. A daren ya tafi Dirku a bayan babur. Ya kwana huɗu a tasha babu motar da za ta yamma. Wadda ya samu a rana ta biyar ta lalace a hanya. Ya ce ran sadakar bakwai yana zaune a gindin taya, shi kaɗai ya san ranar ce, ya yi taimama ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya raba dabinon da ke aljihunsa ga mutanen motar bai gaya musu na mene ne ba. Ya ce, "Auta, kullum in talho ya yi ƙara da dare sai gabana ya faɗi. Kada ka ɗauka ban san abin da nake yi ba." Na rasa ta cewa. Aka kira magariba muka sauko.

Ran tafiya na tarar an ɗaure mini kantu guda cikin tabarma, da buhun dabino, da ƙullin beza, da wasiƙun mutane goma sha ɗaya. Ga kuma babbar 'yarsa, mai shekara bakwai, takwarar Inna, wadda muke kira Ummi, an yi mata kitso da lalle, tana riƙe da 'yar jakarta. Matar Yaya idonta ya yi ja, amma ba ta fasa tsiya ba, ta ce, "Mijina, ka riƙe mini ita da kyau, kada ka shanye mata ruwa a hanya." Ashe dattijon nan ya ba da labarina a gari. Yaya ya ce in gaya wa Inna zai zo da babban hutu, ga wannan ta riƙe kafin nan.

Inna ba ta tambaye ni ina yake ba. Ta dubi bayana ta ga babu kowa sai yarinya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Zo nan, takwara." Kantun kuwa ta hana a fasa, ta sa aka jingine shi a tsakar gida kusa da randa.

Ruwan farko na daminar da ta biyo cikin dare ya sauko, da iska da tsawa. Muna murna, sai muka ji ihu daga ɗakin Inna. Ummi ce ke jan hannunta tana kuka, tana magana da Barbarci, Hausar ta gudu, wai su fita kafin ɗaki ya narke. Inna ta kama hannunta ta ɗora a bango, ta ce ta ji, siminti ne. Yarinya ta shafa, ta lasa yatsa, ta yi tsit. Can sai ta zabura ta fizge tabarmar sallar Inna ta yi waje cikin ruwa. Da na haska fitila, na gan su su biyu a tsakar gida, jiƙe sharkaf, tsohuwa da jikarta, suna ta kiciniyar jan kantu zuwa rumfa.